Irin Baba a Ramin Tururuwa

Ranar Laraba ce, ƙarshen watan Afrilu, shekarar da na cika goma sha biyu. Ba ma komawa lakwal, wato makarantar boko, da yamma ranar Laraba, saboda haka bayan la'asar ina tsakar gida ina gyaran wata motar kara da na kwana biyu ina fama da ita. Zafi kuwa irin na bazarar Matameye, wanda ko ƙadangare sai ya nemi gindin randa. Kaji ne suka tona asiri. Na ga sun jeru a gindin bangon ɗakin Baba suna ta caccakar ƙasa, alhali ba wanda ya watsa musu tsaba. Da na je korarsu sai na ga layin tururuwa, baƙi wuluk, faɗinsa ya kai yatsu uku. Ya fito ta ƙarƙashin ƙyauren ɗakin, ya bi inuwar bango, ya ratsa bayan murhu, ya fice ta ƙasan danga. Kowace mai fita da ƙwayar gero a baki. Masu fita da kaya, masu shiga hannu rabbana, ba mai tsayawa gai da wani. Na tsaya ina kallo kamar wawa, har abin ya so ya burge ni, kafin gabana ya faɗi. Gero ɗaya ne a ɗakin nan, kuma na san ko wanne ne.

Irin shukarmu ne. Baba yana Kano a lokacin, yana ga-ruwa, kamar yadda mazan unguwarmu suke tafiya cin rani da zarar an kai amfanin gona gida, ba su dawowa sai sun ji labarin hadari. Kafin ya tafi, tun gero yana tsaye a gona, yakan ratsa kunya-kunya shi kaɗai yana zaɓen zangarniya, wadda ta cika tam, ba tsutsa, ba giɓi. Ya ɗaure dami guda, ya rataye shi a jikin azara cikin ɗakinsa, ya kulle. Wannan iri daga wajen ubansa ya gaje shi, shi kuma kakan nawa daga garin Tsauni ya taso da shi lokacin da ya dawo Matameye da zama. Gajeren kai gare shi, ba shi da kyan gani a kasuwa, amma yana riga na kowa nuna, gonarmu kuwa jigawa ce, rairayi zalla, ba ta riƙe ruwa. In damina ta ɗauke ƙafa da wuri, maƙwabta su girbi kara, mu mu girbi hatsi. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma akwai wadda yake maimaitawa har ta gundure mu: "Iri ba ya taɓa ƙasa sai ranar da zai shiga ƙasa." A wannan shekarar, da zai hau mota, ni ya miƙa wa mabuɗin ɗakin, ba Inna ba. Ya ce, "Lawali, kai ne namijin gidan." Da ya san abin da maganar nan za ta haifa a kan yaro ɗan sha biyu, da ya haɗiye ta.

Sati biyu kafin Larabar nan hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, har da walƙiya. Inna ta tafi Kance gaisuwar rasuwa. Na ga dattawa suna fito da sungumi suna duba ƙota, sai na ce a raina, to, ga ruwa zai sauka, Baba ba ya nan, wa zai shirya iri in ba namijin gida ba? Na mirgino turmi cikin ɗakin, na kife shi, na hau, na kwance damin. Ni da kaina na yi sussuka, aikin da ban taɓa yi ba, na sheƙe shi yadda na ga mata suna yi, na cika wata tsohuwar tukunya, na rufe da faifai, na tura ta bayan ƙyaure. A ƙasa. Ina jira Baba ya dawo ya tarar an yi shuka ya ce ɗan nan ya isa. Hadarin nan ko ɗigo bai zubar ba, iska ya zama, ya kwashe wa mutane jinka ya wuce. Kunya ta kama ni, na kulle ɗaki, na ja bakina na yi shiru. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Nawa saurin abin da ya haifa ya fi nawa muni.

Kuma ba wai ban san halin bazara ba. A gidanmu, da zarar zafi ya kankama, yaƙi ne tsakanin Inna da duk wani ƙwaro mai ƙafa shida. Kiyashi ya shiga gwangwanin sukari ko da an ɗaure bakinsa da tsumma. Cinnaka ya bi tabarma ya sami ƙanwata a hammata, ta tsala ihu, Inna ta zo tana kakkaɓe ta tana cewa, "Cinnaka, ba ka san na gida ba." Ƙafafun gadonta huɗu kowace cikin gwangwanin tumatir take, da ruwa a ciki, kuma aikina ne in duba kullum kada ruwan ya ƙafe. Sauran tuwo, man shanu, ƙuli-ƙuli, komai a ragaya yake kwana, a sama, ita ma igiyar sai an shafa mata kananzir. Gindin randa zagaye da toka. Bakin ɗaki ganyen dogon yaro ne da aka daka. Shara sau uku a yini, kuma in ka ci abu ka zubar da ɓarɓashi, ka shirya kunnenka. A cikin wannan gida na tashi, ni nake ɗebo tokar ma da hannuna, amma na ɗauki abin da ya fi komai daraja a gidan na ajiye wa tururuwa a ƙasa, na rufa masa faifai kamar mai kai wa baƙo fura.

Da na buɗe ɗakin, faifan yana nan yadda na bar shi. Na ɗaga. Abin da ya rage a gindin tukunyar bai fi tafi biyu ba, shi ma yana motsi. Ban yi kuka ba, wani irin haushi ne ya turnuƙe ni. Na bi layin nan a guje, na zagaya bayan danga, na tarar da gidan tururuwar a bakin hanyar rijiya, fili a share fes kamar masussuka, rami a tsakiya, ƙaiƙayi zagaye da shi. Na komo gida, na tarar Inna ta ɗora ruwan tuwo ta shiga ɗaki. Na sa tsumma na sauke tukunyar tana tafasa, na kai ta can, na tuttula a ramin, ko bisimilla ban yi ba. Na kai rabi ke nan na ji an fizge ni ta wuyan riga, sai mari. Gwaggo Tsahara ce, yayar Baba, babbarsu duka, ta taso daga rijiya da guga a hannu. Ta dubi ƙwayoyin da ke warwatse a bakin ramin, ta tsinci ɗaya ta murza, ta gane shi nan take, don irin ubanta ne. Ta ce, "Kai, ɗan banza! Ɓarawo ya kai kayanka ɗaki, sai ka sa wa ɗakin wuta? Irin ubanka kake dafawa!"

Sai a lokacin ya faɗo mini cewa geron bai ɓace ba. Yana nan ƙarƙashin ƙafata.

Gwaggo ta tasa ni gaba har gida, ta sa na faɗa wa Inna komai da bakina. Inna ta zauna a kan turmi ta riƙe haɓa, ta ce, "Me zan gaya wa mai gidan nan?" Gwaggo ta ce ba abin da za a gaya masa, tonowa za a yi. Ita ta san aikin. Tana yarinya an yi wata yunwa da ta kai mutane suna bin gidajen tururuwa a daji suna haƙe mata ajiya su ci, kuma tare da uwarta ta yi. To matsalar ke nan. A ƙasarmu duk wanda aka gani yana tonon gidan tururuwa, an san rumbunsa ya ƙare ƙaf, ya kai maƙura. Abin kunya ne da ake gorantawa har jikoki. Ga shi namu ramin ba a daji yake ba, a bakin hanyar da duk matan unguwa suke bi safe da yamma.

Washegari da sassafe, muna fara sara, sai ga Baffa Mato, ƙanin Gwaggo, wan Baba, da hularsa a karkace don sauri. Ya ce, "Yaya, wane irin tonon asiri ne wannan? So kike a ce ƙanena ya tafi ya bar iyalinsa suna ƙwace a bakin ƙwaro? Ku rufe ramin nan. Ranar kasuwa in auno muku tiya uku, gero ai gero ne." Inna ta ja mayafi ta koma ciki, don ba ta iya musu da wan miji. Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Mato, ranar da ni da uwarmu muke wannan aiki kana goye a bayanta kana tsotson abin da muka tono. Da kunya muka bi, da ba ka kai ga sa hula ba. In ba ka kama mana, matsa, ka tare mini haske." Ya juyo kaina ya ce in ajiye dagin nan in wuce lakwal. Ban taɓa ƙin maganar babba ba sai ranar. Na sunkuyar da kai, na ci gaba da sara. Ya yi tsaki ya tafi.

Ba a tonon gidan tururuwa ta baki, in ka yi haka ƙasa ta rufta ta binne hanyar, ka yi ta haƙa a banza. Gwaggo ta zura dogon tsinken gamba a ramin don mu san inda ya nufa, sannan ta sa na koma gefe kamar taki biyu, na haƙa nawa ramin, in ya yi zurfi in riƙa yankar bango a hankali ina matsowa. Ta shafe mini ƙafafu da hannuwa da toka har gwiwa, ta sa na ɗaure bakin wandona da igiya. Tokar tana taimakawa, amma kada wani ya ce maka tana hanawa. Tururuwa in ta kama ba ta saki, sai ka fizge jikin ka bar kan a fatarka. Ƙasar bazara kuwa a wurin nan kamar dutse, dagi yana tashi da ƙara. Kafin azahar tafin hannuna ya yi ƙurji ya fashe. Ɗakin farko da muka buɗe, wanda ruwan zafina ya isa, geron ciki ya kumbura ya dunƙule, har ya fara tsami. Gwaggo ta kwaso shi a sakaina ta miƙo mini dab da hanci, ta ce, "Shaƙa, ka san ƙamshin aikinka." Ta watsa wa kaji.

A ƙasa da shi ne muka fara samun na kirki. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma har yau ban sake ba. Ɗakuna ne ƙanana, kamar a kifa ludayi, wani bisa wani, a shafe sumul, a bushe ƙamas, kowane da hanyarsa. Wani gero zalla, wani 'ya'yan ciyawa, wani a gauraye. Wallahi ta fi wasu magidantan da na sani iya ajiya. Ina kwance rub-da-ciki ina kwasa da cokali ina zubawa a ƙwarya, Gwaggo tana zaune a bakin ramin tana nuna mini inda zan yanka da tsinke. Mata suna wucewa da tuluna, wata ta ce, "Sannunku da aiki," da irin muryar da ake gaisuwar mutuwa, wata ta rufe baki da gefen zane. Wata tsohuwa ma, don tausayi, ta aiko mana da ƙwaryar tsaba a ɓoye, Inna ta mayar tana hawaye. Da aka taso daga lakwal abokaina suka zo suka yi mini zobe. A nan na sami sunan da ya bi ni har na yi gemu: Lawali Ɓarawon Tururuwa. Na ji su sarai. Ban ɗago ba, don na san in na ɗago sai na bar ramin na bi wani da dagi, in na bar ramin kuwa ƙasa za ta rufta.

Kwana uku muka yi. Ramin ya kai ni ƙirji, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ranar Litinin da na koma aji, Mushe, kamar yadda muke kiran malaminmu, ya yi mini bulala goma kan fashi, ban ko gaya masa dalili ba, me zai gane? A tsakar gida Inna ta tankaɗe abin da muka samo da rariya, ta bakace, ta tsince tsakuwa da kawunan tururuwa ɗaya-ɗaya. Da aka gama, geron bai kai rabin tukunyar ba. 'Ya'yan ciyawar da aka ware kuwa Gwaggo ta hana a ba kaji. Ta sa na kai su bakin ramin na zuba, sannan na mayar da ƙasa. Ta ce, "Namu muka zo karɓa. Wannan guminta ne." Ni a lokacin da za a bar ni da kananzir zan bi ta, amma ban isa in yi musu ba.

Saura abu guda, wanda ya fi tonon wuya. Gwaggo ta ce tururuwa takan cije idon ƙwaya don kada ta tsiro mata a ɗaki, saboda haka mai yiwuwa duk wahalar nan matacce muka kwaso. Ta ɗebi ƙwaya ashirin ba zaɓe, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta tura gindin randa, ta ce kada wanda ya taɓa sai an kwana uku. Sauran kuwa aka ɗura a gora, aka toshe bakin, aka rataye a azara, inda ya kamata tun farko. Kwana ukun nan ko wasan langa ban fita ba. Ina zaune ina gadin tsumma kamar mai jinya, ina yayyafa masa ruwa, ina sabunta tokar da ke zagaye da shi. Ranar da aka buɗe, goma sha uku sun fito da farin tsiro, siriri kamar zare. Gwaggo ta ƙirga sau biyu, ta ce, "To, ta bar mana na shuka." Inna ta yi hamdala ta shiga ɗaki. Ni kuwa bayan gida na zagaya, a nan na yi kukan da ban yi ba tun farko.

Baba ya dawo kwana biyu bayan ruwan farko. Tun a tasha aka ba shi labari, garinmu ba a barin mutum ya isa gida da jahilcinsa. Na shirya wa duka, har na sa riga biyu. Ya shiga ɗaki, ya sauke goran, ya jijjiga, ya zuba kaɗan a tafi ya daɗe yana dubawa. Ya karɓi mabuɗinsa. Bai taɓa ni ba, kuma wallahi da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Da asuba muka tafi gona, yana gaba yana sara da sungumi, ina baya da ƙwarya. A da, yatsu uku ake tsoma wa iri a jefa a rami ba lissafi. Ranar ya juyo ya ce, "Biyar-biyar. In ka jefa shida, ka tsince." Haka na bi shi a duƙe ina ƙirga ƙwayar gero, ina rufewa da diddige, har rana ta take. Duk da haka rabin gona kawai ya ci. Sauran rabin da geron Baffa Mato aka cike shi, shi kuwa ya yi shekara yana ba da labarin a majalisa.

Ya tsiro. Da giɓi nan da can, amma ya tsiro, ya yi kai, ya nuna da wuri yadda ya saba. Abinci bai wadace mu ba a shekarar, kafin wata damina mun sha ganyen tafasa da zogale fiye da yadda muke so, kuma kowa a gidan ya san dalili. Amma da kaka, ranar da Baba zai shiga zaɓen zangarniya, aikin da bai taɓa yarda ko inuwar wani ta bi shi ba, sai ya tsaya a bakin gona ya ce, "Zo ka riƙe mini igiya." Ya riƙa nuna mini wadda ake ɗauka da wadda ake bari, yana lanƙwasa kai yana murzawa da babban yatsa. Iyakar abin da na samu ke nan. Har ya koma ga Allah bai ce mini sannu da ramin nan ba, ni ma ban tambaya ba.

Lakwal ban yi nisa ba, na faɗi jarrabawar sartifika na bi sahun masu cin rani. Bayan rasuwar Baba na riƙe irin nan shekara shida. Sannan na tafi Legas da niyyar wata biyar, na yi damina uku ban waiwayo ba, ina bin arzikin da har yau ban gan shi ba. Da na dawo, ƙannena sun karɓi wani sabon iri da wani furoje na taimakon manoma ya raba, sun gauraya da namu, sun cinye sauran. Na zage su tas, amma in za a faɗi gaskiya, wa aka nuna wa zaɓen zangarniya, su ko ni? Na je har Tsauni ina tambaya gida-gida, tsofaffi suna cewa sun san shi, amma ba mai ko tafi guda. Gonar ma gari ya cinye ta, an yanka filaye, inda na duƙa ina ƙirga biyar-biyar yanzu wani ya kafa shagon cajin waya.

Ina zaune a gidan haya na siminti, hatsi a leda nake auno shi, na yau daban na gobe daban. Bazara tana yi tururuwa tana shigowa ta tsagar daɓe, ba ta fasa ba. Uwar 'ya'yana ta sayo farin garin maganin ƙwari a kanti ta barbaɗa, kafin magariba an share gawa an zubar, yara ko kallo ba sa yi. Ba toka, ba ragaya, ba ciwon hannu, kuma ban ce a koma wahala ba, na sha ta na ƙoshi. Sai dai wani lokaci, in na riga ta ganin layin, nakan yi shiru in bar su su ɗan yi tafiyarsu, ina duba abin da suka ɗauko. Ɓarɓashin burodi ne, ko ƙwayar shinkafar da ban san ƙasar da aka noma ta ba.

Duk abin da suka kwasa a gidan nan, babu wanda zan bi su in tono.